Surfe daban, bakace daban: yadda nake rubuta labari da yadda nake gyara shi

Yawancin labaran da ake turo mini in duba kashi biyu ne. Akwai wanda mai shi ta maƙale a babi na uku wata da watanni, kullum tana goge shafin farko tana sakewa, har labarin ya huce a ranta. Akwai kuma wanda aka rubuta da tsakar dare aka tura wa masu karatu kafin asuba, jarumar da ta fara da suna Rumaisa ta koma Rumasa'u a tsakiya, mahaifinta da aka binne a babi na biyar ya dawo yana ɗaura aure a babi na ashirin. Ta farko gyara ya hana ta rubutu. Ta biyu rubutu ya hana ta gyara. A ganina ciwonsu ɗaya ne: sun haɗa aiki biyu a zama ɗaya. Mai surfe ba ta tsayawa bayan kowane bugun taɓarya ta ɗauko faifai. Sai ta gama da turmi tukuna, sannan ta zauna ta bakace dusa.

Da ke zan yi magana, ƙanwata, tunda mata ne suka fi yawa a wannan fage yanzu. Maza ku tsinci abin da ya yi muku.

Ki fara sanin dalilin da ya sa nauyin biyu ya hau kanmu. Littattafai biyar da aka buga bayan gasar ƙagaggun labarai ta 1933 sun bi ta hannun Rupert East, Baturen da ya shirya gasar, a Zariya kafin su shiga injin ɗab'i. Daga baya kamfanonin ɗab'i na Gaskiya da NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) su ma suna da masu duba rubutu. Da marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu a shekarun 1980, ƙofa ta buɗe wa mutane da yawa, mata musamman, amma edita ya fita daga lissafi. Yanzu da labari ke tafiya daga waya zuwa waya ta WhatsApp da Wattpad da Facebook, ko mai buga keken rubutu da zai ce “Hajiya, nan wurin ban gane ba” babu shi. Ke ce marubuciya, ke ce edita, ke ce mai talla. Tunda ba za ki iya rabuwa gida biyu ba, lokaci za ki raba.

Ranar rubutu, kafin in taɓa waya, nakan rubuta layi ɗaya a takarda: wa ke cikin wannan babi, me yake so, me zai canja kafin babin ya ƙare. Misali, “Hajjo ta ji cewa Baffa ya ba da ita, ta yanke shawarar zuwa wurin kakarta.” Shi ke nan. Ba na zana labarin duka daki-daki, don idan na san komai tun farko marmarin rubutawa yana raguwa. Amma ina so in san inda zan kwana. Waɗanda suka fi jin daɗin tsara babi-babi tun daga farko su yi, ba laifi ba ne.

Sannan in kashe data. Ba don tsoron Allah ya yi mini yawa ba, don na san halina ne: saƙo ɗaya daga zauren 'yan makarantarmu ya isa ya cinye sa'a guda.

Dokar zaman rubutu ɗaya ce: ba komawa baya. Abin da na yarda in karanta shi ne sakin layi na ƙarshe na jiya, don in kamo muryar. Idan na fara daga farkon babi, to gyara zan shiga yi, ranar kuma ta tafi. Idan na zo wurin da ban san wani abu ba, sunan unguwa a Gusau, ko kuɗin mota daga Kano zuwa Daura, ko irin maganin da likita zai rubuta, sai in sa alamar tambaya uku a jere in wuce. Daga baya zan neme su da madannin bincike in cike. Haka idan wani tunani ya faɗo mini da ya saɓa wa abin da na rubuta a baya, a ce na ga ya fi kyau Hajjo ta zama marainiya. Ba na komawa in kashe mata uwa a babi na ɗaya. Ina rubuta wa kaina da manyan baƙaƙe, “DAGA NAN UWARTA TA RASU, A GYARA BAYA,” in ci gaba kamar an riga an gyara.

A wannan zama ki bar kanki ki yi ɓarna. Ki rubuta zancen da ya yi tsawo, ki bar kishiyoyi su yi ta cacar baki shafi huɗu, ki siffanta ɗakin amarya har labule. Da yawa za su fita daga baya, amma a cikin wannan yawan ne ake tsintar jimlar da ba ki san tana ranki ba. Mai tsoron rubuta shirme ba ta cika rubuta abin mamaki ba. Idan yatsu sun gaji, ko hannunki na cikin wanke-wanke magana ta zo, ki naɗi muryarki a waya. Zancen mutane musamman ya fi fitowa da rai idan baki ne ya fara faɗarsa, domin kunne ya san yadda tsohuwa ke faɗa, ya san yadda ɗan kasuwar Kwari ke taya kaya, ko da yatsa ya manta.

Wata dabara da nake so: kada ki tashi a ƙarshen babi. Ki tashi a tsakiyar rigima, lokacin da kika san abin da zai biyo baya. Gobe ba za ki zauna kina kallon farin shafi ba.

Kuma don Allah, duk daren da kika yi rubutu ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a Google Drive. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, yaro yana goge abu.

Idan labari ya kai ƙarshe, ki rufe shi. Gajeren labari ki ba shi mako guda, littafi ki ba shi wata. Dalilin ba camfi ba ne. Washegarin rubutu idonki ba ya karanta abin da ke shafi, yana karanta abin da ke kanki ne. Kalmar da kika tsallake zai cike miki ita, dalilin da ba ki bayyana ba zai tuna miki da shi, sai ki ɗauka mai karatu ma ya gani. Sai labarin ya ɗan zama baƙo a wurinki za ki ga ramukan. A wannan hutu ki fara wani rubutu, ko ki karanta na wasu, ko ki je biki.

Gyara kuwa daga babba ake farawa zuwa ƙarami. Nan ne mutane suka fi ɓata ƙarfinsu: mutum ya kwana yana daidaita waƙafi a shafin da ƙarshenta cire shi za a yi gaba ɗaya.

Karatun farko, karanta shi duka a zama ɗaya ko biyu, ba tare da kin taɓa ko harafi ba. In da hali ki buga shi a takarda a shagon kwamfuta, in babu ki canja girman rubutun da kamanninsa a waya don idonki ya ga sabon abu. Ki riƙe littafin rubutu a gefe. Kowane babi ki ba shi layi ɗaya: me ya faru, me ya canja. Babin da kika rasa abin rubutawa a gabansa sai “sun je biki” ko “sun yi hira”, ki sa masa alama. Ko a haɗe shi da na kusa da shi, ko a ba shi aiki, ko ya tafi. Ki kuma lura da inda ke kanki kika fara hamma. Idan mai labari ta gaji a wurin, mai karatu ta daɗe da tsallakewa.

Tambayar da ta fi zafi a wannan mataki ita ce daga ina labarin ya fara a gaskiya. Da yawanmu muna buɗewa da asalin zuri'a: kakan jaruma ya taso daga ƙauye kaza, ya haifi 'ya'ya tara, ga sunayensu. Wannan bayani ke kike buƙatarsa don ki san mutanenki, kuma ya yi miki amfani lokacin rubutu. Mai karatu ba ta buƙatarsa a shafin farko. Sau da yawa labari yana farawa ne a babi na biyu ko na uku, ranar da wani abu ya karye. Ki fara daga nan, asalin zuri'a ki yayyafa shi a inda ake nemansa.

Abin da kika cire kada ki goge. Ki buɗe wani fayil ki zuba shi. Ni nawa “Rumbu” na sa masa suna. Sanin cewa abin yana nan yana sa hannu ya yi sauƙin yanka, kuma jefi-jefi wani labarin yakan ci daga ciki.

Karatu na biyu na bin diddigi ne, kuma shi ne wanda masu karatunmu ba sa yafewa, domin rayuwar da kike rubutawa tasu ce. Ki ɗauki takarda ki jera kowane mutum: sunansa, shekarunsa, laƙabinsa, dangantakarsa da jaruma. Wanda kika kira Kawu a farko kada ya koma Baffa, domin ɗaya ɗan'uwan uwa ne ɗaya na uba, kuma ikonsu a kan auren yarinya ba ɗaya ba ne. Ki zana lokaci ma. Idan mijin ya rasu, takaba wata huɗu da kwana goma ce ga wadda ba ta da ciki, ba za a ɗaura mata aure bayan wata biyu ba. Suna ranar bakwai ne. Idan kin ce ana tsakiyar hunturu, kada a ga jaruma tana fakewa ruwan sama, kada kuma a kawo mata ɗanyar masara gasassa daga gona. Idan an fara tafiya bayan La'asar daga Kano, ba za a yi Magariba a Maiduguri ba. Waɗannan alamomin tambaya uku da kika bari, yanzu ne lokacinsu. Ki tambayi ma'aikaciyar jinya yadda ake karɓar haihuwa, ki tambayi wanda ya san kotun shari'a yadda ake shigar da ƙarar khul'i, ki tambayi malami kafin ki sa hukuncin addini a bakin wani. Kuskure a aya ko hadisi ya wuce kuskuren adabi.

Sai karatu na uku, na jimla, wanda nake yi da babbar murya. Ga irin abin da zaman rubutu ke haifarwa:

“Washegari da safe Hajjo ta tashi daga barci ta yi salati ta shiga banɗaki ta yi wanka ta ɗauro alwala ta fito ta yi salla, sannan ta shafa mai ta saka atamfarta mai ruwan ganye wadda ta yi mata matuƙar kyau. Ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi saboda tana cikin matsananciyar damuwa game da maganar da Baffa ya faɗa jiya cewa ya ba da ita. Ta fito tsakar gida ta samu Inna tana dama koko, ta gaishe ta cikin sanyin murya, ta amsa mata ba tare da ta kalle ta ba saboda ita ma ranta babu daɗi.”

Babu abin kunya a wannan, aikinsa ya yi: ya kai ni tsakar gida. Amma dubi abin da ke ciki. Wanka da shafa mai kowa na yi, ba su gaya mana komai game da Hajjo ba. Maganar Baffa mai karatu ta ji ta a babin da ya wuce. “Matsananciyar damuwa” da “ranta babu daɗi” ni ce nake gaya wa mai karatu abin da za ta ji, maimakon in bar ta ta gani. Sannan a layin ƙarshe akwai “ta” har ta yi yawa, mata biyu ne a wurin, sai an tsaya an lissafa wa ta gaishe da wa. Bayan gyara:

“Inna na dama koko Hajjo ta fito. Ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta amsa, idonta na kan ludayi. Kofi uku ta saba cikawa. Yau biyu ta cika, na Baffa ta bar shi a kife.”

Ki lura, kofin nan babu shi a rubutun farko. A wurin gyara ya zo, bayan na cire bayanin damuwa na tambayi kaina me Inna za ta yi da hannunta idan tana fushi da mijinta kuma ba za ta furta ba. Don haka kada ki ɗauka gyara yanka ne kawai. Idan kin cire abu kika ga rami, sai ki ajiye jan biro na ɗan lokaci, ki koma halin mai rubutu, ki zubo abubuwa uku ko huɗu ba tare da tacewa ba, sannan ki zaɓi ɗaya. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yi zubawar da zaɓen a numfashi ɗaya.

Kowace marubuciya tana da kalmomin da hannunta ke zuwa gare su da kansa. Ki shiga madannin bincike ki rubuta “ajiyar zuciya”, ki ga adadin da zai fito. Ki gwada “murmushi”, “gabanta ya faɗi”, “hawaye masu zafi”, “cikin sanyin murya”. Ba haramun ba ne, amma idan gaban jaruma yana faɗuwa a kowane shafi, ranar da aka zo da labarin mutuwa ba ki da sauran abin da zai faɗi.

Sai dai a nan ne mai tsananin gyara take yin ta'adi, don haka ki yi hattara da bakin mutanenki. Idan tsohuwar Basakkwata ce ta ce “munka zo” ko “mi kake so”, ki bar mata abinta. Idan ɗalibar jami'a tana cusa Turanci a zancenta, haka suke yi, ki bar kaɗan da zai nuna ta. Daidaitacciyar Hausa muryar mai ba da labari take nema, ba ta kowa da kowa ba. Na sha ganin labarin da aka goge shi har direban tirela da alƙali da yarinya mai tallan goro suka koma magana iri ɗaya, kamar masu karanta labaran rediyo. Alamar da nake bi ita ce: idan na karanta da murya na ji ba zan iya faɗa wa ƙawata wannan jimla haka ba, na wuce gona da iri, sai in duba tsohon rubutun in dawo da abin da na kashe. Wannan ya sa ba na gyara a kan kwafin asali. Kwafa nake yi, in sa wa sabon lamba.

Ƙa'idar rubutu ita ce ta ƙarshe, kuma ba ta buƙatar hazaƙa, haƙuri take so. Ki sa Hausa a allon rubutun wayarki, Gboard yana da ita, don ki samu ƙ da ɗ da ɓ. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka mai karatu tana dogara da waɗannan ƙugiyoyi fiye da yadda muke zato: “kafa” da “ƙafa”, “bari” da “ɓari”, ba abu ɗaya ba ne. Ki duba rabawa da haɗawa: “yana” da “suke” a haɗe, “shi ne” da “ita ce” a rabe, “gidansa” a haɗe, “a kan tebur” daban da “akan yi haka”. Taƙaice-taƙaicen hira irin su “gsky” da “mlm” su tsaya a hira. Wannan karatu nakan fara shi daga sakin layi na ƙarshe in yi sama, don kada daɗin labari ya ja ni in manta abin da nake nema.

Bayan nan ne kawai nake ba wani ya karanta, mutum biyu sun isa. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi, don suna son ki. Ki ce: a ina kika ajiye wayar kika tashi? Wane wuri ne ba ki gane ba? Wa kika manta da shi har ya sake fitowa? Idan sun nuna miki wurin da ke ciwo, ki yarda da su, galibi suna da gaskiya. Idan sun kawo maganin, ki saurara da ladabi, amma ke za ki yanke.

Na san abin da mai fitar da labari kullum za ta ce: Anti, masu karatu suna jira, wasu ma sun biya kuɗi, ina zan samu wata guda? Gaskiya ne, kuma ba zan ce ki daina ba, domin sharhin masu karatu yana ƙara ƙarfin gwiwa. Abin yi shi ne tazara. Kada ki saki shafin farko sai kina da babi goma a ajiye. Daga nan abin da kika rubuta yau ba shi za ki tura yau ba, na kwana goma da suka wuce za ki ɗauko ki duba ki tura. Rubutu da daddare, gyara da safe, ko akasin haka, gwargwadon lokacin da kanki ya fi sakewa. Tazarar tana da wani amfanin: idan masu sharhi suka taso a kashe kishiya ko a haɗa wance da wane, kin riga kin wuce wurin, ba za su karkatar miki da labari ba. Ranar da ajiyarki ta sauko zuwa babi uku, ki sanar da hutun mako guda. Za su yi ƙorafi, za su kuma dawo.

Mai shirin shiga gasa kuwa lissafinta daban ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ta saba neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500, amma ki karanta sharuɗɗan shekarar da za ki shiga da kanki. Kada ki rubuta kina leƙen adadin kalmomi, zai ɗaure miki hannu. Ki bar shi ya kai 2,000 ko fiye, ya huce, sannan ki sauko da shi. Wurin da za ki fara nema shi ne gaisuwa: sallama, ina kwana, ya gida, ya yara, duk ki bar layi ɗaya. Sai mutanen da suka shigo sau ɗaya suka fita, sai sakin layin ƙarshe inda kika tsaya kina yi wa mai karatu nasiha. Ki ƙirga kwanaki daga ranar rufe gasa ki dawo baya: mako na ƙarshe na ƙa'idar rubutu ne da turawa, wanda ya gabace shi na masu karanta miki ne, kuma ki tura da sauran kwana biyu a hannu saboda intanet da wutar lantarki.